Tsakiya da talhatana: ina aka samo jan dutsen nan?

Kai mai karatu, in ka je gidan biki a Tasawa ko a Mayahi, dubi wuyan tsofaffin mata. Za ka ga jan dutse a zare. Wani dogo ne kamar gaɓar kara, shi ne tsakiya. Wani yana da kusurwa uku da zobe a kansa, shi ne talhatana, wanda Abzinawa ke kira talhakimt. In ka tambayi mai shi daga ina ya fito, sau da yawa za ta ce maka daga Makka.

Maganarta tana da gaskiya, amma ba ta cika ba. Alhazai sun sayo shi a Makka, sai dai ba can aka haƙo shi ba. Sunan dutsen aƙiƙ. Tun zamanin da, a ƙasar Indiya ake gyara shi, a wani gari mai suna Kambay. Ana zuba shi cikin tukunya a gasa, wuta ta ƙara masa ja. Sannan a fasa, a goge, a huda da hannu. Jiragen ruwa su kai shi ƙasar Larabawa, daga nan alhazai da fatake su ɗauko. Tasawa kuwa zango ce a kan hanyar ayarin Abzin mai zuwa Katsina da Kano. Da irin wannan ayari ne Bature Barth ya sauka garin a 1851.

Daga baya Jamusawa suka shiga cinikin. Bayan 1830 aka fara kawo aƙiƙ daga Birazil zuwa garin Idar-Oberstein na Jamus. Suka kwaikwayi na Indiya, suka rina shi ja, wani ma kore. Mutanen Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, su kuma suka narka gilashi suka zuba a mazubi, ya fito kamar dutse, ga araha. Ke nan talhatanar da ake cewa ta Makka, wata ta Jamus ce, wata ma kwalba ce kawai.

Mu ma muna da namu. Jan dutsen da ake kira lantana, a yammacin Nijar ake haƙarsa a da. Fatake Hausawa su bi kogi da shi zuwa ƙasar Yarabawa, masu sana'a a Ilori su huda shi.

Me ya sa iyayenmu suka riƙe shi da daraja haka? Dubi sunayen ƴaƴanmu mata: Lantana, Murja. Mutum ba ya sa wa ɗiyarsa sunan abin banza. Murjani ma ba dutse ba ne, wasu ƙananan halittu ne ke gina shi a ƙarƙashin teku, kuma an ambace shi tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman. Malamai sun ruwaito cewa zoben Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne da dutsen Habasha. Ga shi kuma dukiyar mace ce ta kanta. Gara ba ta cinsa, ba ya mutuwa kamar akuya in an yi fari. Uwa ta ba ɗiya, ɗiya ta ba jika. Wannan daraja ni ban ga aibinta ba.

Inda nake da ja shi ne wajen magani. Za ka ji ana cewa jan dutse yana tsai da jini. Larabawa sun faɗi haka, Turawan da ma sun faɗi haka, don launinsa ya yi kama da jini. To, kama da wane ba ta wane. In haɓo ne, da dutse da babu zai tsaya. Amma macen da ta haihu jini ya ɓalle mata, wannan ba ta da lokacin jira. Zubar jini bayan haihuwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata. A likita akwai allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Kai maigida, bar mata tsakiyarta a wuya in tana so, amma ka ɗaura amalanke nan take.

Saura maganar kasuwa. Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna neman tsofaffin duwatsu, su ba mace na roba masu walƙiya da ƴan kuɗi kaɗan. Na roba yana da kyau ranar farko, bayan damina ɗaya ya koɗe. Tsohon dutse kuwa jiki ne ke goge shi, yana daɗewa yana ƙara sheƙi. Ke mai shi, kafin ki sayar ko ki saya, gwada shi. Ɗora shi a kunci, dutse yana da sanyi, roba ba ta da shi, kuma ba ta da nauyi. Ɗaga shi wajen rana, dutse yana da zane-zane a ciki kamar jijiya, gilashi kuwa ƴan kumfa za ki gani, da layi a gefe inda mazubi ya haɗu. Bakin wuƙa ba ya kama aƙiƙ. Sannan leƙa ramin. Wanda aka huda da hannu, ta kai biyu aka huda shi, sau da yawa ramukan ba su haɗu daidai a tsakiya ba, har zare yakan ɗan tsaya kafin ya wuce.