Jinjina ga Masu Bin Sawun Mutuwar Kwamfuta

Kwamfutar wasa da mutum ya harhaɗa da hannunsa ba ta da kamfani guda da za a kai wa kuka, domin kowane sashe daga gidansa ya fito. Ranar da ta fara ɗaukewa ana tsakiyar wasa, ta sake tashi da kanta, ranar ake sanin darajar mai gyara mai haƙuri. Windows kan rubuta lamba 41 ƙarƙashin Kernel-Power, amma shaida ce kawai cewa na'ura ta mutu ba sallama, ba ta faɗin dalili. Daga nan aikin mai gyaran ke farawa. Ya auna zafi, ya cire fanka ya ga ko man da ke kan furosesa ya bushe ya tsattsage, ya bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM, sannan ya zare sandar RAM ɗaya ya sake gwadawa. Abu ɗaya yake canzawa a kowane gwaji, kuma wannan, a ganina, shi ne ƙashin bayan sana'ar.

Wani zai ce ai a sauya akwatin wuta kawai a huta. Yana da hujja, don katunan hoto irin RTX 3080 na 2020 kan fizgi wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido har akwatin ya kashe kansa, abin da ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta zo magancewa. Sai dai canki-canka kuɗi yake ci. Sau da yawa bayan kwana biyu na bincike, abin da gwanin zai nuna maka waya ce da ba ta zauna daram a raminta ba, ya danna ta har ta yi ƙas.