Ya Dage, Ya Kafe, Ya Jajirce: Hukuncin da Ke Ɓoye a Kanun Labarai

Idan ɗan jaridar Hausa zai ce wani ya tsaya kan bakansa ya ƙi motsi, kalmomin da ke hannunsa sun yi yawa: ya dage, ya nace, ya kafe, ya turje, ya jajirce, ya yi tsayin daka, ya yi kememe. Hali ɗaya suke nunawa, amma wadda edita ya ɗauka ita ke gaya wa mai sauraro wanda zai tausaya wa, tun ba a kai ƙarshen labarin ba.

A duba yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba. Malamai sun ƙi komawa aji, gwamnatin Buhari ta ce ba za ta biya albashin watannin da ba a yi aiki ba. In aka rubuta cewa malamai sun jajirce, gwamnati ta kafe, shari'a ta ƙare. In aka ce malamai sun yi kememe, gwamnati ta yi tsayin daka, ta ƙare ta wancan ɓangaren, alhali ba a ƙara ko an rage komai daga abin da ya faru ba. Kafewa da kememe na mai taurin kai ne, jajircewa ta gwarzo ce. Naci kuwa yana tafe da gundura. Mai naci shi ne wanda aka ce wa babu, gobe da sassafe ya sake yin sallama. Dagewa ce kawai ba ta cika ɗaukar ɓangare ba, shi ya sa mai fassara labaran ƙetare ke yawan fakewa da ita.

Haka abin ya kasance bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum ya ƙi yin murabus. Masu goyon bayan sojojin Janar Tiani kafewa suka gani, magoya bayansa jajircewa.

Ita jajircewar ma ta sha wuya a hannun masu rubuta sanarwar gwamnati. Kalma ce da ta dace da sojan da ke bakin daga, ko macen da mijinta ya rasu ta riƙe marayu da sana'ar ƙosai. Yanzu in aka buɗe rijiyar burtsatse, sai kwamishina ya yaba da jajircewar gwamna, shugaban ƙaramar hukuma ya yaba da ta kwamishina, wakilinmu ya kwashe ya aiko yadda aka ba shi. A ganina laifin edita ya fi na mai sanarwar, don shi mai sanarwar aikinsa ke nan.

Dagewar da ake fakewa da ita ma tana da nata tarkon a rubuce. Yawancin labaran da ake karantawa a waya ba a sa musu ƙugiyar haruffa, sai ɗage ta koma dage. A daren 16 ga Fabrairun 2019, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, hukumar zaɓe ta INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata. Wanda ya ji a rediyo bai ruɗe ba. Wanda ya ga “ta dage zabe” a Facebook kuwa, sai ya duba ko akwai “kan” a tsakani kafin ya san ko hukumar ta matsar da zaɓen ne ko ta ce sai an yi shi.