Kwamfuta a Aji: Ina Aka Bar Malami?



A shekarar 2005 ne Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya ɓullo da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka ce kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba. Ƙasar Peru ta sayi kimanin dubu 800. To amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya gano cewa yaran ba su ƙaru ba a lissafi da karatu. A ganinmu kuskuren a fili yake: an kashe kuɗi kan na'ura, an yi wa horar da malami riƙon sakainar kashi.

A 2005 ɗin dai, shirin TESSA na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ya fara ne daga malami. Tare da cibiyoyin Afirka, ciki har da Cibiyar Horar da Malamai ta Kaduna, an tsara darussa kyauta, waɗanda malami zai sauke daga intanet, ya gyara, ya buga a takarda.

Sai dai a nan ma da sauran rina a kaba. An samar da darussan da Turanci, Faransanci, Larabci da Swahili. Malamin da ke yi wa yara bayani da Hausa, a Maraɗi ko a zangon Kumasi, shi aka bar wa aikin fassara.

Sai mako na gaba, a huta lafiya.