Ƙahon katako ya gama magana: TAD TH-4001 a birnin Guangzhou

Bari in faɗi ɓangarena tun da wuri, kada a ce na yi rufa-rufa. A cikin duk ƙahonin da ake ɗaura wa manyan lasifikokin situdiyo, babu wanda ya kama ƙafar TAD TH-4001 a kunnena. Ƙaho ne na katako, ɗan Japan, ya haura shekara 40 a duniya, amma har gobe in aka haɗa shi da abokin tafiyarsa TD-4001 aka saki murya, sai tsigar jikinka ta tashi. Tsohuwar zuma da ita ake magani, wallahi!

Kuma ba a inda ake ƙarancin lasifika na yanke wannan hukunci ba. 'Yan kasuwarmu sun san Guangzhou ta Xiaobei da Sanyuanli, ta yadi da takalma da waya. Kaɗan ne suka san cewa birnin nan cibiya ce ta kayan sauti. Gundumar Panyu cike take da masana'antun lasifika, a Huadu akwai kamfanin Guoguang da ya samo asali tun 1951, garin Enping da ke cikin wannan lardi na Guangdong kuwa makirfo ya sa a gaba. Tun 2003 ake yin baje kolin Prolight + Sound Guangzhou, wanda ke ci a Pazhou, inda ake Canton Fair, kuma in aka kunna kaya a manyan zaurukan nan har ƙirjinka sai ya amsa. Mai son tsofaffin kaya kuma kasuwannin Taojie da Haiyin ne wurin zuwansa. Duk irin ƙahon da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa, na roba da na alminiyom da na katako, za ka iya cin karo da shi a birnin nan. A tsakiyar wannan taron dangi TH-4001 ya yi mini zarra.

Ga wanda bai saba ba, abin kashi biyu ne. Akwai direba, wato dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi da ke baya. A cikinsa akwai maganaɗisu da wani siririn tantani mai siffar ƙoƙo, yana kaɗawa yana tura iska ta wasu 'yan tsagogi zuwa ƙaramin maƙogwaro. Matsin nan ne ke ba shi ƙarfi. TD-4001 yana ba da desibel 110 da wat 1 kacal a tazarar mita 1, alhali wufa mai kyau, lasifikar da ke fitar da kakkauran sauti, tana tsayawa wajen 97, wato sai ta ci kusan wat 20 kafin ta kamo abin da shi ya yi da wat 1. Kashi na biyu shi ne ƙaho, mai karɓar iskar daga maƙogwaro ya buɗe ta sannu a hankali har ta fita ɗaki. Kamar kakaki ne: leɓen mabushi ke haifar da sautin, amma doguwar tagullar ce ke yanke yadda zai isa ƙofar fada. Mutanenmu sukan zuba dukiya a kan direba, sannan su ɗaura masa kowane ƙaho aka miƙo musu. Nan ake asarar kuɗi, domin ƙahon ne ke yanke inda sauti zai je da inda ba zai je ba, da irin launin da zai ɗauka a hanya.

Sana'ar tsohuwa ce. Tun shekarun 1920 Wente da Thuras suka ƙera direban Western Electric 555 don sinima mai magana. A 1975 Don Keele ya fito da ƙahon da ke watsa sauti a faɗi ɗaya daga ƙasa har sama, sannan a 1981 JBL ta sa irin wannan dabara a lasifikar situdiyo 4430. Ana cikin haka Pioneer ta Japan ta kafa sashen TAD, ta jawo Bart Locanthi wanda ya yi aiki da JBL, ta fito da TD-4001 a 1978. Tantaninsa na beriliyom ne, faɗin inci 4, maƙogwaro inci 2, maganaɗisun alniko, nauyi ya wuce kilo 13. Shozo Kinoshita, wanda daga baya ya kafa Rey Audio, yana cikin waɗanda suka tsara lasifikokin da aka gina a kansa.

To, zo ka ga ƙahon. A wani shagon tsofaffin kayan sauti na same shi zaune a kan akwati mai wufa inci 16. Faɗinsa kamar santimita 60, leɓɓansa biyu sun kumburo sama da ƙasa, an jera katakon mapul falle-falle an manne, an sassaƙe, an goge har layukan itacen suna sheƙi. Ka leƙa ciki, ga 'yan siraran katangu tsaye kusa da maƙogwaro suna raba iska gida-gida don siririn sauti ya bazu hagu da dama. Ka ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ƙum kawai za ka ji, ya mutu nan take. Ƙahon roba mai araha kuwa in ka ƙwanƙwasa sai ya yi maka guɗa, kuma guɗar nan tana hawa kan kowace murya da ta bi ta cikinsa.

Na miƙa wa mai shago wayata, na ce a saka Ɗanmaraya Jos. Jama'a! Kuntigin nan ya fito tsakiyar ɗaki ya tsaya da ƙafarsa. Kana jin bugun tsirkiya daban, amsawar gwangwanin daban, har da shan numfashin marigayin kafin ya ɗauki baiti. Shuuu ɗin tsohon kaset ma bai ɓoye ba, ga shi can a gefe, bai cakuɗe da muryar ba. Aka juya zuwa kalangun Shata, aka ƙara murya har gilashin taga ya fara rawa, amma kunne bai yi zafi ba. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke yi mini tafinta ya dafa ni ya ce, "Kawu, anya babu wata lasifikar a tsakiya?" Babu. Biyu ne rak, hagu da dama. Na taka zuwa gefe, muryar ba ta dushe ba. Wannan shi ake nema a situdiyo: mai haɗa sauti a kujerarsa, mawaƙi a kan kushin a baya, furodusa a tsaye, duk su ji abu ɗaya.

Ba na raina sauran. Lasifikar JBL M2 da ta fito a 2013 gwana ce, ƙahonta yana watsa sauti daidai wa daida, kuma a kan takardar awo za ta iya kayar da gwanina. Mai ƙera ƙaho Earl Geddes ma yana da hujja da ya ce duk wani lungu ko kaifi a cikin ƙaho yana sa sauti ya riƙa karo da bango yana dawowa, shi ya sa nasa ƙahonin suke sumul babu katanga. Na ji, na yarda. Amma M2 ba ta tashi sai da na'urar gyaran sauti ta kwamfuta a bayanta. TH-4001 kuwa, ba shi mararraba mai sauƙi, inda wufa ke miƙa masa sauti, a 650 Hz kamar yadda aka yi a lasifikar Exclusive 2402, ka koma gefe ka sha kallo. Daga nan har 20,000 Hz direba ɗaya ne da ƙaho ɗaya, babu miƙa sanda ga wani direba a hanya. Zangon igiyar sauti a 650 Hz ya kai santimita 53, a can ƙoli kuwa bai cika 2 ba, kuma katako ɗaya ke kiwon su duka. Ina dalilin da ba zan yi kirari ba?

Wanda zai saya, ko wannan ko wani, ga abin dubawa. Maƙogwaro ya dace da maƙogwaro: akwai inci 1, da 1.4, da 1.5, da 2, kuma duk ɗan tudu ko rami a mahaɗar zai fito a sauti, don haka a rage dogaro da adafta. Sai iyakar ƙasa. TH-4001 yana sakin iska a 320 Hz, shi ya sa ake yanka shi a kusan ninki biyu na hakan. Ka matsa ƙasa, tantani ya wahala, murya ta koma ta hanci. Sai faɗin watsawa, wanda a nan digiri 90 ne a kwance, 40 a tsaye. Keele ya bar mana lissafi mai sauƙi: raba miliyan 1 da abin da ka samu in ka ninka digiri da faɗin baki a inci. Baki mai inci 24 a digiri 90 zai riƙe sauti har wajen 460 Hz. A tsaye kuwa bakin gajere ne, riƙon yana kwancewa tun ƙasa da 2,600 Hz ko kusa da haka. Wannan ne ɗan aibin gwanina, kuma maganinsa a hannunka yake: saita ƙahon daidai kunne, ka sa abin shanye sauti a silin. Ƙaramin ɗaki kuma, irin wanda mai aiki ke zama mita ɗaya da rabi daga bango, ba wurinsa ba ne. Yana son tazarar mita 3 ko fiye kafin shi da wufa su zama baki ɗaya.

Na asali ya yi wuya, sai na hannu, kuma da tsada. A nan Guangzhou ta yi rana, domin akwai masu sassaƙa da injin kwamfuta da ke fitar da irinsa. Wasu sun yi kyau ƙwarai, wasu kuwa kyan ɗan maciji ne. Ɗaga shi ka ji nauyi, na kirki ya haura kilo 10. Zura hannu ka shafa cikin maƙogwaro, kada ka ji gam ko kaushi. Tambayi ko katakon ya bushe sosai, domin abin da aka manne a damshin Guangdong zai gamu da hunturun Kano, kuma ɗanyen katako tsagewa zai yi. Ka sa a buɗe bayan direba ka tabbatar da tantanin, amma in ya fashe kada ka taɓa, ƙurar beriliyom guba ce. A ɗauko biyu a tare, a gwada su a gabanka kafin a kai kago.

Masu situdiyo na Zoo Road da Kaduna da Maradi, ku da kuke haɗa waƙar da za a ji a waya, a mota, a gidan biki: abin da lasifikarku ta ɓoye muku, shi ne zai ba ku kunya a waje. In Allah ya hore, ku rage kuɗin fitilu masu launi da kujerun fata, ku sa a bakin direba. Ni dai na riga na zaɓa, kuma duk mai ja, ya zo da waƙar da ya fi sani mu kunna.