Tsokaci Kan Ra'in Zaɓi na William Glasser da Matsayinsa a Manhajar Hausa

William Glasser (1925–2013) likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Amurka, wanda ya yi aiki a makarantar gyaran tarbiyyar 'yan mata ta Ventura da ke Kalifoniya. Ya wallafa Reality Therapy a 1965, da Choice Theory a 1998. Jigon ra'insa shi ne, mutum ba ya da iko da halin kowa sai nasa, kuma kusan duk abin da ya aikata zaɓi ne domin biyan ɗaya daga buƙatu biyar: rayuwa, ƙauna, iko, 'yanci da nishaɗi. Don haka mai ba da shawara ba ya tonon baya, ba ya karɓar uzuri, ba ya horo. Tambayar ɗalibi yake yi: me kake so, me kake yi yanzu, shin hakan zai kai ka ga buƙatarka, wane shiri za ka yi?

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne dogaron ra'in ga harshe. Glasser yakan mayar da sunan damuwa aikatau, domin mai magana ya ga kansa a matsayin maiyi. Hausa tana da wannan bambanci tun asali. A jimlar "fushi ya kama ni" mai magana karɓau ne, a "na yi fushi" kuwa shi ne maiyi. Haka "kofi ya fashe" da "na fasa kofi". Malamin da ya nuna wa ɗalibai wannan a darasin ginin jimla ya koyar da nahawu da ɗaukar alhaki a lokaci guda.

Sai dai ra'in yana da rauni. Na farko, ya ƙaranta tasirin muhalli. Yarinyar da ta makara saboda talla, ko yaron da ya zo aji da yunwa, ba su suka zaɓi halin da suke ciki ba, kuma ɗora musu alhakinsa zalunci ne. Na biyu, Glasser ya ƙi amincewa da akasarin cututtukan ƙwaƙwalwa a matsayin cuta, matsayin da galibin likitoci ba su karɓa ba. Malamin da ya riƙe shi zai iya jinkirta kai mara lafiya asibiti. Na uku, ra'in ya ɗauka ɗalibi zai bayyana son ransa kai tsaye, alhali kunya takan hana yaro Bahaushe yin haka a gaban babba.

Bisa wannan, muna ba masu tsara manhaja shawarar ɗaukar dabarar tambayoyin nan huɗu cikin darussan insha'i da nazarin taurarin labari, inda ɗalibi zai auna zaɓin wani kafin nasa. Amma da'awar cewa kowane hali zaɓi ne, kada a shigar da ita littafin jagoran malami, domin wanda zai fi cutuwa da ita shi ne ɗalibin da ya fi kowa ƙarancin zaɓi.