Masu Zama Da Wanda Ba Shi Da Mai Jinya

A asibitocinmu likita da nas magani suke bayarwa. Wanka, abinci da kwana a gindin gado kuwa aikin ɗan'uwa ne, mai jinya. To, ina wanda ba shi da kowa? A ƙasar Sabon Birni da Isa tambayar ta yi nauyi tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka. Bayan harin da suka kai ƙauyen Garki a watan Mayun 2020 iyalai sun watse, wasu sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi. A Satumbar 2021 kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu. Sai ka ga tsoho yana jin jiki a gadon asibiti, 'ya'yansa na can Gidan Rumji a jihar Maraɗi, ba mai kai musu labari.

Nan ne ake ganin masu zama don Allah: dattijuwar da ke jinyar jikanta a gadon kusa, ko ɗan agajin da ya shigo dubiya ya kasa tafiya.

Zaman nan iyawa ne, kuma mafi yawansa kame kai ne. Gwana ba ta cika magana ba. Takan ja tabarma kusa, ta ce "Sannu Baba, ina nan," ta yi shiru. In haɗiya ta gagara ba ta ɗura masa kunu, don ta san zai shaƙe. Sai ta jiƙa auduga ta riƙa shafa masa a leɓe. Namiji yakan taimaka a juya shi duk bayan awa biyu, kada bayansa ya yi gyambo. Ba a zancen likkafani a kansa ko da ya rufe ido, domin sau da yawa yana ji. In ya ambaci bashi ko wasiyya, a kira shaida, a riƙe sunan da ya faɗa.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wurin laƙƙana kalmar shahada. Wanda bai iya ba sai ya yi ta matsa wa mutum, "Faɗi! Faɗi!" Malamai sun hana haka, don mai gargarar mutuwa na iya ƙosawa. Wanda ya iya shi ke faɗin ta a hankali kusa da kunne. Da marar lafiya ya maimaita, sai a ƙyale shi, sai fa in ya sake wata magana.

A Amurka wata nas, Sandra Clarke, ta mai da irin wannan zama tsari a 2001, masu sa kai suna karɓa-karɓa. Mu muna da mutanen, tsarin ne babu. Limaman Sabon Birni da Isa da shugabannin 'yan agaji, ku fitar da maza da mata, a koya musu, a raba musu dare.