Codegen na Playwright: Magatakarda a Cikin Burauza

Masu gina shafukan intanet sun san wannan ciwon kai: a gyara wurin biyan kuɗi yau, gobe wurin shiga ya ƙi buɗewa, ba kuma wanda zai sani sai abokin ciniki ya bugo waya yana faɗa. Maganin shi ne a sa kwamfuta ta riƙa bin shafin tana danna maɓallai da kanta. Amma rubuta irin wannan gwaji da hannu aiki ne mai cin rai, shi ya sa da yawa ke ɗage shi sai baba-ta-gani. A nan ne codegen ya shigo, wani sashe na manhajar Playwright da Microsoft ya saki a 2020, wadda injiniyoyin da suka gina manhajar Puppeteer a Google suka koma Microsoft suka ƙera.

Aikinsa ba wuya. Ka rubuta npx playwright codegen tare da adireshin shafin, sai tagogi biyu su buɗe. A ɗaya kana amfani da shafin kamar kowa, a ɗayar kuma layukan gwaji na fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar magatakardan kotu yana rubuta duk abin da aka yi a gabansa. Ka zaɓi yaren da kake so, JavaScript ko Python ko Java ko C#, gwajin kuma zai gudana a Chromium da Firefox da WebKit.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Shinya Kasatani ɗan ƙasar Japan ya ba da Selenium IDE ga aikin Selenium tun 2006, kuma manhajar ta yi wa mutane hidima har 2017, lokacin da ta daina aiki a Firefox 55. Abin da ya ɓata sunan irin waɗannan kayan naɗa shi ne yadda suke gane abu a shafi. In maɓalli ba shi da wata alama ta kansa, sai su riƙe shi da matsayinsa: akwati na uku, a layi na biyu, a cikin tebur na farko. Da mai tsara shafi ya ƙara hoto guda a sama, gwajin ya rushe, alhali shafin lafiyarsa ƙalau.

A nan codegen ya burge ni. Yana fara neman abu ta yadda mutum yake ganinsa. Idan ka danna maɓallin da aka rubuta “Shiga” a kansa, abin da zai rubuta shi ne getByRole, wato a nemo maɓalli mai suna Shiga, ko yana sama ko yana ƙasa. Wanda bai taɓa ganin shafin ba zai karanta gwajin ya fahimci abin da ake nufi. Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba: wannan suna da nau'in abin, kamar maɓalli, su ne manhajar karanta wa makafi shafi take dogara da su. Duk inda codegen ya kasa samo suna mai kyau ya koma ga dogon adireshi mai rikitarwa, sau da yawa alama ce cewa makaho ma zai sha wuya a wurin. Ga shi Playwright yana jira sai maɓalli ya bayyana kuma ya dannu kafin ya taɓa shi, don haka an huta da tsohuwar al'adar cusa jiran daƙiƙa biyar a ko'ina.

Inda yake da rauni kuwa, abin da ka yi yake rubutawa, bai san abin da ka nufa ba. Ka saka kaya uku a kwando, zai naɗi dannawa uku, amma ba ruwansa da ko jimillar kuɗin ta fito daidai. An ƙara masa maɓallan tabbatar da rubutu, da ƙima, da bayyanar abu, sun kuma taimaka, sai dai har yanzu kai ne za ka nuna masa abin da ya kamata a duba. Kalmar sirrin da ka buga kuma zai ajiye ta ɓaro-ɓaro a cikin fayil, wanda bai lura ba zai tura ta GitHub kowa ya gani. Dogaro da rubutun maɓalli ma yana da tsada ga shafi mai harsuna biyu: gwajin da aka naɗa a Hausa ba zai gane maɓallin ba in shafin ya buɗe da Turanci, sai an sa wa maɓallin alamar gwaji ta musamman.

Ga ɗalibi ko ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyu zuwa uku, ban ga hanyar fara gwaji da ta fi wannan sauƙi ba, kuma kyauta ne. Abin da ya rubuta a ɗauke shi a matsayin rubutun farko: a goge dannawar da aka yi bisa kuskure, a cire kalmar sirri, a ƙara layin da ke duba jimillar kuɗi kafin a adana fayil ɗin.